Matar da ta ajiye aiki shekara takwas, ta dawo ta zama farfesa

Wata 'yar'uwa ta rubuto mini tana cewa shekararta bakwai rabonta da aiki tun haihuwarta ta fari, yanzu autanta ya shiga makaranta, amma tsoron komawa take yi don gani take an wuce ta. Saƙonta ne ya tuno mini da Carol Robinson, wata Baturiyar Ingila masaniyar ilimin sinadarai.

An haife ta a 1956. Tana da shekara 16 ta bar makaranta ta kama aikin taimako a ɗakin gwaje-gwajen kamfanin magunguna na Pfizer da ke garin Sandwich. A nan ta fara taɓa na'urar da ta zame mata abokiyar aiki har yau, wato ma'aunin nauyin ƙwayoyin sinadari. Tana aiki tana karatu a gefe har ta samu shiga Jami'ar Swansea, daga nan ta wuce Kambirij, inda ta gama digirin dakta a 1982. Sai kuma ta ajiye komai, ta zauna a gida shekara takwas tana renon 'ya'yanta uku.

Bari in ɗan tsaya a kan na'urar. Duk wadda ta taɓa sheƙar gero ta san iska kan kwashe ƙaiƙayi ta kai shi nesa, tsaba kuma ta zubo kusa. Kusan haka abin yake. Ana ɗora wa ƙwayoyin cajin lantarki, a harba su cikin bututun da aka zuƙe wa iska, sai yadda kowace ta yi tafiya ya nuna nauyinta. Da farko ƙananan ƙwayoyi kaɗai ake iya aunawa, domin manya irin su furotin wargajewa suke yi. Wani Ba'amurke, John Fenn, shi ya gano dabarar fesa su cikin ɗigon ruwa ƙanana, aka ba shi kyautar Nobel a 2002.

Da Carol ta dawo aiki a Jami'ar Oksfod a farkon shekarun 1990, daga ƙasa ta sake farawa, a matsayin ƙaramar mai bincike. Tambayar da ta sa a gaba ita ce: tunda furotin a jikinmu a dunƙule suke aiki, da yawa manne da juna, za a iya auna dunƙulen gaba ɗaya ba tare da ya rabu ba? Masana da dama sun yi tababa. Hujjarsu ba ta banza ba ce: abin da ya saba zama cikin ruwa, in aka jefa shi inda babu ruwa babu iska, ai siffarsa lalacewa za ta yi. Ita da abokan aikinta suka yi ta gyara na'urar har suka nuna cewa dunƙulen yana iya riƙe siffarsa.

Aikin da ya fi burge ni shi ne na 2008. Akwai furotin da ke zaune a jikin fatar ƙwayar halitta, kamar masu gadin ƙofa, kuma da su ne magunguna masu yawa suke yin aikinsu. Matsalarsu ba sa jituwa da ruwa. Sai aka lulluɓe su da wani abu dangin sabulu, aka harba su a haka, a cikin na'urar lulluɓin ya zube, furotin ya fito lafiya lau. Ta wannan hanya aka riƙa ganin irin kitsen da ke maƙale musu da yadda magani ke kama su. A 2016 ta kafa kamfanin OMass don neman sababbin magunguna da wannan dabara.

Ita ce mace ta farko da ta zama farfesar sinadarai a Kambirij a 2001, haka ma a Oksfod a 2009. Ku duba shekarun nan da kyau. Jami'o'in da suka haura shekara 800 ne fa. A 2013 aka ba ta lambar girma ta Dame, a 2015 kuma kyautar L'Oréal da UNESCO ta mata masana kimiyya.

Ba zan ruɗe ki ba, 'yar'uwa. Carol ta tafi hutunta da digirin dakta a hannu, kuma ta samu waɗanda suka yarda suka buɗe mata ƙofa. Ba kowa ke samun haka ba. Amma ki lura, ba ta tsaya sai an ba ta kujerar da sa'o'inta suka kai ba. Ƙaramin matsayin da ta samu ta karɓa tana da shekara talatin da 'yan kai, kimanin shekara goma bayan haka ta zama farfesa.