WANDA YA ZUBA GUBA A KOGI, SHI YA TAƁA HANKALIN MUTANE

Ya 'yan'uwa talakawa! A karanta wannan a kowane reshe, ranar kasuwa.

A ƙasar Kanada akwai wata al'umma, Anishinabe, a wurin da ake kira Grassy Narrows. Su ne 'yan ƙasa na asali, tun kafin zuwan nasara. Kifi ne hatsinsu. Daga 1962 zuwa 1970 masana'antar takarda ta garin Dryden ta zuba zaiba wajen kilo 9,000 cikin kogin Wabigoon. Zaiba ta shiga kifi, kifi ya shiga ciki, guba ta hau ƙwaƙwalwa. Hannu ya kama rawa, gani ya ƙuntata, tafiya ta zama tangaɗi. Ɗan da ke cikin uwa ma bai tsira ba.

A 1970 gwamnati ta hana kamun kifin sayarwa. Sana'a ta mutu, zaman banza da baƙin ciki suka cika gari. A 1975 likita Harada ya zo daga Japan, ya ga alamun ciwon Minamata a jikinsu. Sai 2017 gwamnatin Ontariyo ta ware dala miliyan 85 don wanke kogin. Shekara 47 bayan an sani! A 2023 bincike ya danganta zaibar da kakanni da uwaye suka ci da yunƙurin kashe kai na jikokinsu.

'Yan koren masu kuɗi za su ce: ai giya ce da lalaci, halin mutanen ne. Ƙarya ne! Ka karya ƙafar mutum, sannan ka zage shi gurgu? Hankali amana ne. Wanda ya ɓata shi don riba ɓarawo ne, ko da takardar izini a aljihunsa.

Kada mu ce nesa ne. A 2010, nan Zamfara maƙwabtanmu, ƙurar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400. Mu ma ana haƙar zinariya a ƙasarmu, kuma da zaiba ake kama ta, a ƙona, a shaƙi hayaƙin.

Saboda haka kowane reshe ya nemi abu uku. A auna ruwan rijiya da jinin yara kusa da ramukan haƙa. A faɗa wa masu jinin sakamako da harshensu. Wanda ya zuba guba shi zai biya magani, ba talaka ba.

Ƙasa tamu ce, hankalin 'ya'yanmu ba na sayarwa ba ne!