Daga Sha-Ka-Fashe Zuwa Shayin Rage Tumbi

Ba da daɗewa ba, idan yarinya ta kusa aure a garuruwanmu, fargabar iyayenta mata ita ce kada a kai ta ɗaki a rame. Akan tsare ta da kunu da madara da farfesu, wasu kuma su zagaya kemis su sayo ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe don ta ciko ta yi ɓul-ɓul. Galibin ƙwayoyin deksametason ne da makamantansa, masu tara ruwa a jiki, su kumbura fuska, su tayar da suga da hawan jini. Yau kuwa sai ka shiga gida ɗaya ka tarar yaya tana haɗiyar maganin ƙiba, ƙanwa tana dafa shayin rage tumbi, kuma sau da yawa wurin mace ɗaya suka saya, wadda ke baje hajarta a WhatsApp da Instagram. Mun mayar da jikinmu wurin gwajin duk abin da aka ƙulla a leda, kuma wannan ya isa ya tayar wa kowa hankali.

Masu son rage nauyi suna da hujja, kada a raina musu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙiba mai cutarwa, kuma a tsakanin manya adadin ya fi ninki biyu na yadda yake a 1990. Mu ma ba mu tsira ba, duk da a unguwa ɗaya ake samun yaro mai tamowa da uwa mai ciwon suga. Kakanninmu sun yi surfe da daka, sun ja guga, sun taka zuwa gona da kasuwa. Mu inji ke yi mana niƙa, adaidaita ke kai mu bakin layi, lemon kwalba ya kori ruwan randa daga gaban baƙo. Da wuya ka sami dangin da ba su da mai hawan jini, ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ko wanda aka yanke wa ƙafa. Don haka niyyar mai kyau ce. Hanyar da ake bi ce ke kai mutane gadon asibiti.

'Yar wana ce ta sa na fara bin diddigin lamarin. Saura wata biyu bikinta ta sayi wani shayi mai hoton siririyar mace a jikin kwali. Da na yi mata magana sai ta ce, "Gwaggo, wallahi yana aiki, kilo uku na sauke a sati ɗaya." A sati na uku aka kwashe ta daga banɗaki, jiri ya kayar da ita, sai da aka ƙara mata ruwa leda biyu. Na karanta jerin abin da aka rubuta a kwalin, na ga ganyen sena a kan gaba. Sena kuwa ɗan'uwan filasko ne, wanda kowace tsohuwa ta san aikinsa: wankin ciki. Iyayenmu sukan sha shi sau ɗaya idan ciki ya ɗaure, su ajiye. Yanzu an sa masa kwali mai sheƙi ana cewa a sha safe da dare har wata guda.

Ga abin da mai talla ba za ta faɗa ba. Amfanin abinci, da mansa da sugansa, a ƙaramin hanji jiki ke tsotse shi. Maganin zawo kuwa a babban hanji yake aiki, bayan an riga an gama tsotsar. Abin da ke fita ruwa ne da gishirin jiki, musamman sinadarin fotasiyam, wanda bugun zuciya ya dogara da shi. Kitse yana nan inda yake. Sikeli zai nuna an ragu, a sha ruwa kwana biyu nauyin ya dawo, sai a koma a sayi wani kwalin. Wanda ya daɗe a kai kuma hanjinsa kan sangarce, ya kasa fitar da bayan gida sai da magani.

Wannan ma na wanda aka rubuta gaskiyar abin da ke ciki ke nan. Akwai wani magani mai suna sibutramin da ke kashe sha'awar abinci, wanda aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 bayan bincike ya nuna yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki. Tun daga lokacin hukumomin magunguna na ƙasashe da dama suke ta gano shi a ɓoye cikin shayi da kofi da ƙwayoyin rage ƙiba da aka rubuta wa "tsantsar ganye". Mai hawan jini ta sha irin wannan ba ta san me ta sha ba, likitan da zai duba ta ma bai sani ba.

Ganyen ma, ko da tsantsarsa ne, ba shi ne shaidar aminci ba. A farkon shekarun 1990, a birnin Burasel na ƙasar Beljiyam, wani asibitin rage ƙiba ya riƙa ba mata haɗin ƙwayoyi mai ɗauke da saiwoyin ƙasar Sin. An yi kuskure wajen shigo da kayan, aka musanya wata saiwa da wata mai guba, mai kama da ita a suna. Mata fiye da ɗari ne ƙodarsu ta lalace. Da yawa suka koma wankin ƙoda ko aka yi musu dashe, wasunsu daga baya suka kamu da sankarar hanyar fitsari. Abin da ke ɗaure mini kai a wannan labari shi ne inda ya faru: ƙasa mai dokoki, asibiti mai likitoci, kaya masu takarda. In haka ta faru a can, me za a ce da garin da aka daka a bayan gida, aka zuba a robar da ba suna ba adireshi, aka aiko da shi ta tasha? Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa wankin ƙoda a Kano ko Zariya ko Maiduguri ya san yadda cutar ke cinye gona da gida kafin ta cinye mai ita.

Sai kuma waɗanda ba sa shan komai, amma suka ɗora wa kansu yunwar ganganci: ruwan ɗumi da lemon tsami da safe, kokwamba da rana, a kwana haka. A makon farko sikeli kan yi ƙasa da sauri, domin jiki yana ƙone sugan da ya adana a hanta da tsoka, kuma kowane giram nasa yana riƙe da ruwa kusan giram uku. Daga nan sai lissafi ya canza. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke bayarwa. Mai alƙawarin sauke kilo goma a sati biyu tana nufin jiki zai ƙone kalori 5,500 kowace rana, alhali matsakaiciyar mace abin da take ƙonewa a yini bai wuce 2,000 da 'yan kai ba. Ko loma ɗaya ba ta kai baki ba, lissafin ba zai fita ba. Abin da ya sauka bayan ruwa, har da tsoka a ciki.

Jiki kuma ba ya karɓar yunwa hannu biyu. A 1944 zuwa 1945, a Jami'ar Minesota ta Amurka, wani masani mai suna Ancel Keys ya gwada haka a kan samari 36 lafiyayyu da suka ba da kansu. Wata shida ana ba su kusan rabin abin da suka saba ci. Sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, amma ƙarfin da jikinsu ke ƙonewa a zaune ya faɗi da kimanin kashi 40 cikin 100. Sanyi ya addabe su, zuciyarsu ta yi ƙunci, ba su da zance sai na abinci. Da aka sake su, ci suka riƙa yi ba ƙaƙƙautawa, har kitsen da suka tara ya wuce na farko. A 2016 aka sake ganin irin haka a kan mutum 14 da suka yi gasar rage ƙiba a talabijin ɗin Amurka: bayan shekara shida yawancinsu sun mayar da mafi yawan nauyin, kuma jikinsu yana ƙone kalori kusan 500 a rana ƙasa da abin da ya kamaci girmansu. Wannan shi ne dalilin da ya sa za ka ga mace ta rame a watan biki, shekara na zagayowa ta fi da, sai ta zargi kanta da rashin juriya. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma jikin da ya ɗauki shekara goma yana tara nauyi ba zai sauke shi lafiya tsakanin sa rana da ɗaurin aure ba. Ban da wannan, ramewar gaggawa tana jawo tsakuwar matsarmama, da zubar gashi, da rikicewar al'ada.

Masu hali sun koma allura, irin su Ozempic. Wannan magani ne na gaske, an yi shi don masu ciwon suga, kuma yana rage nauyi. Sai dai bincike ya nuna waɗanda suka daina sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka sauke cikin shekara guda. A watan Yuni na 2024 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunsa da aka kama a Burazil da Birtaniya da Amurka. Wanda ya saye shi a intanet ya tsira wa kansa ba da sanin likita ba, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Abin takaicin shi ne hanyar da aka tabbatar tana aiki ba ta da tsada, ba ta kuma buƙatar a koma kamar sillen kara. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002, a kan mutum fiye da 3,000 da suke dab da kamuwa da ciwon suga, ya sa wa wani rukuninsu burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyi tare da motsa jiki na minti 150 a mako. Haɗarin kamuwarsu da cutar ya ragu da kashi 58 cikin 100, fiye da na waɗanda aka ba ƙwayar magani. Ga mai kilo 90, maganar kilo shida ake yi, a hankali cikin watanni.

Kilo shidan nan a tukunya suke, da kofi. Giram ɗaya na mai kalori tara ne, na tsaba huɗu, don haka cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kai kalori 120. A duba yawan man da ke iyo a kan miyarmu, da wanda ake kwararawa a garau-garau da ɗanwake. Kwalbar lemo ta rabin lita takan ɗauki suga fiye da cokalin shayi goma, kusan iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce a yini guda. A haɗa da sugan da ake antaya wa zoɓo da kunun aya da fura, da na mai shayi da madararsa ta gwangwani. Watan azumi ya isa shaida: muna yini ba ci ba sha, amma da yawa sikeli bai motsa musu ba, saboda ƙosai da soyayyen dankali da doya da ƙwai da ke jiran kiran sallar magariba.

Ina jin haushin jadawalin abincin da ake yaɗawa, mai cike da tuffa da hatsin gwangwani da wasu 'ya'yan itatuwan da sai babban kanti. Suna sa talaka ya ɗauka gyaran ci na masu kuɗi ne. Alhali gero da dawa da acca da ba a cashe su fes ba, da wake, da kwaɗon zogale da rama, da miyar kuka da kuɓewa, da awara da ƙwai da kifi, sun fi ƙarfin wannan aiki. A rage malmala daga uku zuwa biyu, a yawaita ganye, a auna mai da cokali maimakon tuttulawa daga galan, a mayar da lemo abin ranar biki.

Sai dai wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne, domin tukunya ɗaya gida ke ci. Matar da ta rage mai a miya, maigida ne zai fara cewa, "Yau kuma lafiya, ko kuɗin cefanen ne bai isa ba?" Wadda ta ɗan faɗa kuwa, dangi za su fara ƙus-ƙus ko ba ta jin daɗin gidan miji. Mazan da kansu, masu ɗaukar tumbi alamar hutu da arziƙi, su ne kitsen ciki ya fi yi wa illa, kuma su ne ba sa zuwa awo. Wannan matsin na gida yana cikin abin da ke tura mata ga shayin da za a sha a ɓoye cikin ɗaki.

Hukumomi ma da sauran aiki a gabansu. Najeriya ta sa harajin naira goma a kan kowace litar lemon zaƙi a Dokar Kuɗi ta 2021, amma tsadar kaya ta riga ta haɗiye naira goman, ba wanda ya fasa saye saboda ita. Hukumar NAFDAC kuwa, kasuwar da ya kamata ta sa wa ido ta tashi daga rumfuna ta koma cikin wayoyi, inda fitattun fuskoki ke karɓar kuɗi su rantse da shayin da ba su san abin da ke cikinsa ba. Wanda ya tallata abin da ya kwantar da mutane, ya kamata doka ta tambaye shi kamar yadda za ta tambayi wanda ya haɗa.

Wanda ke son sanin ko yana cikin haɗari, igiya ta ishe shi. Ya yanko ta daidai tsawonsa, ya ninka biyu, ya zagaya ƙugunsa da ita ta ɗan saman cibiya. In ba ta haɗu ba, kitsen cikinsa ya yi yawa, sai ya je a auna masa suga da hawan jini kafin ya canza komai. Mai ciki da mai shayarwa da yarinyar da ba ta gama girma ba, kada su taƙaita ci da kansu. Mai shan maganin suga ko mai allurar insulin kuwa, in ya rage abinci ba tare da likita ya gyara masa adadin maganin ba, sugansa na iya faɗuwa ya suma, ko da a kan babur yake ko a bakin murhu.