Ra'ayinmu: A Shigo da Sararin Samaniya Cikin Aji

Mu da muke koyar da kimiyya da labarin ƙasa mun san yadda darasin sararin samaniya yake ƙarewa: malami ya zana da'irori a allo, ɗalibai su kwafa, a yi jarrabawa, a manta. Yaron da kakarsa ta nuna masa Zara da Kaza da 'ya'yanta tun yana ƙarami yakan kammala sakandare bai taɓa ganin ramukan da ke fuskar wata ba. Uzurinmu kullum biyu ne: babu kayan aiki, kuma taurari da dare suke fitowa, lokacin da babu uban da zai yarda ɗansa ya koma makaranta, balle 'yarsa.

Masu sha'awar kallon taurari a gidajensu sun riga sun warware uzuri na biyu. Sukan kafa na'urar hangen nesa a tsakar gida bisa gindi mai ɗan inji, wanda ke juya ta sannu a hankali, domin duniya tana juyawa digiri 15 a kowace sa'a, tauraro kuma yana fita daga saiti nan da nan. A wurin da ake kara ido sai su ɗaura kyamara. Ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, wadda ba ta wuce tafin hannu ba, ita ke haɗa injin da kyamarar da layin sadarwa na cikin gida. Daga ɗakinsa mutum zai buɗe manhaja ta kyauta kamar KStars, ya zaɓi Mushtari, na'urar ta juya da kanta, hoto ya iso gabansa. Watannin nan huɗu na Mushtari da Galileo ya gano a 1610, ƙaramar na'ura ma tana nuna su.

Abin da ya yiwu a gida zai yiwu a makaranta. Malamin da ke zaune a gidajen ma'aikata zai ɗauki hotunan da dare, ɗalibai su auna su da safe. In akwai intanet, abin ya zarce haka. Shirin Faulkes ya ba makarantun Birtaniya damar sarrafa manyan na'urori biyu, ɗaya a Hawai ɗaya a Ostareliya, kowace da madubi mai faɗin mita 2. Tsakaninmu da Hawai sa'a 11 ce. Ƙarfe goma na safe a ajinmu, sha ɗayan dare ne a can.

Sai dai mun sha ganin yadda kayan kimiyya ke ƙarewa a makarantunmu: a kawo su da biki, a kulle a sito, makulli ya tafi da wanda aka yi wa canjin wurin aiki. Ga rashin wutar lantarki, ga hazon hunturu da gajimaren damina da ke rage dararen aiki. Saboda haka wannan reshe yana kira ga ma'aikatar ilimi da ta fara da makaranta guda a kowace shiyya, ta tanadi na'ura ɗaya da sola da batir, makarantun maƙwabta su riƙa karɓar hotuna bi da bi. Kafin a sayi komai, a horar da malamai aƙalla biyu a kowace cibiya, a kuma lissafa aikin dare cikin nauyin aikinsu, da alawus ɗinsa. Ba za mu amince a ɗora wa malami gadin kayan gwamnati kyauta ba.

Mu ma da namu aikin. Manhajar Stellarium kyauta ce, tana nuna taswirar sama a kwamfuta ko babu na'urar hangen nesa. Muna roƙon malaman kimiyya na wannan reshe su fara koyon ta tun yanzu, su kawo sunayensu sakatariya kafin taronmu na gaba, domin mu tunkari ma'aikata da jerin waɗanda suka shirya.