Hanyar Sukuntuni aikin kansila ce

Manomin Sukuntuni da zai kai gero kasuwar Kankiya bai damu da titin Kano zuwa Katsina ba. Damuwarsa ita ce 'yar hanyar amalanke, wadda wani kan wayi gari ya ja katanga ya cinye rabinta.

Tsarin mulkin 1999 ya ɗora gyaran irin waɗannan hanyoyi da magudanan ruwa da tashoshin mota a wuyan ƙananan hukumomi, dokar filaye ta 1978 kuma ta ba su iko da filayen karkara. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye.

Ya kamata kansilolin Kankiya su shata burtali kafin damina, su hana gini a kai.