A Riƙa Sanar da Mu Adadin Masu Sanƙarau

Malam Edita,

Zafi ya kunno kai, fargabar sanƙarau ta dawo mana. A ƙarshen 2016 sanƙarau ya ɓulla a Zamfara, amma sai a Fabrairun 2017 labari ya kai Abuja. Kafin a shawo kansa, sama da mutum 1,000 sun rasu a Najeriya.

Mu a ƙauye, yawan jana'iza ne ke sanar da mu annoba ta shigo, ko uwa rungume da yaron da wuyansa ya sanƙare. Rahoton hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa (NCDC) kuwa da Turanci yake, a intanet. Wa zai karanta wa manomi?

Don Allah gwamnatocin jihohi su riƙa faɗin adadin masu cutar a kowace ƙaramar hukuma duk mako, da Hausa, a rediyo, haɗe da inda ake rigakafi.

Naku,
Mai karatu daga Zamfara