Yaron Da Kallo Ba Ya Koya Masa Aiki

Ranar 2 ga watan Afrilu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 2007 domin faɗakar da jama'a game da lalurar otizam, takan zo ta wuce ba a ji ɗuriyarta ba a Agege, ko Idi-Araba, ko Sabo ta Ibadan. Alhali kuwa a waɗannan unguwanni ba a rasa yaran da ba sa haɗa ido da mutane, maganarsu ta yi jinkiri, kuma ko sau goma aka nuna musu abu ba sa kwaikwaya. Sai a ce taurin kai ne, ko kuwa shafar aljanu. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin yaro 1 cikin 100 yana da wannan lalura.

To, mene ne masana suka gano? Duk lokacin da mutum ya miƙa hannu, ƙwaƙwalwarsa takan yi kirdadon abin da zai biyo baya, sa'an nan ta gwada shi da labarin da ya dawo mata ta hanyoyi biyu, wato abin da ido ya gani da abin da gaɓoɓi suka ji. Ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya tana da babban hannu cikin wannan aiki. Dalili ke nan da ya sa mutum ba ya iya yi wa kansa cakulkuli, don kuwa ƙwaƙwalwa ta riga ta san abin da ke tafe.

A 2009 waɗansu masana a birnin Baltimo na Amurka, cikinsu har da Reza Shadmehr da Stewart Mostofsky, suka sa yara su koyi sarrafa wani hannun na'ura. Yara masu otizam sun koya, amma an ga sun fi dogara ga abin da gaɓoɓinsu suka ji bisa abin da idonsu ya gani. Haka nan kuma, gwargwadon wannan dogaro, gwargwadon wahalar yaro wajen kwaikwayo da cuɗanya da mutane.

A nan ne fa maganar ta shafi 'yan Arewa mazauna Kudu. Mahauci da tela da mai shayi duk da "kalli yadda nake yi" suke koyar da sana'a, haka ma uwa a ɗakin girki. Idan kallo ba shi ne babbar hanyar yaro ba, tsawa da bulala ba za su mai da shi ita ba, sai dai su ƙara masa firgita. Abin da ya fi shi ne a rarraba aikin daki-daki, a bar shi ya yi da hannunsa yana maimaitawa, a kama masa hannu in ya yarda, domin waɗansunsu ba sa son taɓawa.

Wannan bincike ba magani ba ne, kuma yaran sun bambanta ƙwarai da gaske. Likita ne kaɗai zai tantance. A Ikko, Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Yaba yana da sashen yara a Oshodi. Dokar hana wariya ga masu naƙasa kuwa, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta tabbatar musu da haƙƙin neman ilmi. Ya rage ga sarakunan Hausawa da limaman unguwanni su isar da wannan bayani ga iyaye, tun kafin a cire ƙauna daga yaron da wata hanyar koyo kawai yake bukata.