Mun ci moriyar kwal ɗin Inugu, mun yar da kwaurensa

Jama'a, ku yi haƙuri, rubutun nan zai ɗan yi tsawo. Wanda yake sauri ya wuce abinsa.

Makon jiya na je Inugu ɗaurin auren wani abokin aikina. Washegari da na samu sarari sai na ɗauki ɗan acaɓa na ce ya hau da ni Ngwo, garin da ke kan tudu a saman birnin. Hanyar tudun Milliken muka bi, wadda take nannaɗe a jikin dutse kamar maciji, gefe ɗaya bango, ɗaya gefen rami mai zurfi. Ban daina salati ba har muka kai. A can sama akwai sanyi mai daɗi, akwai wani daji na dogayen itatuwa da kogo da ruwa mai zubowa, samari da 'yan mata sun cika wurin ana ta ɗaukar hoto. Wuri mai kyau, ba ƙarya. Amma ni abin da ya kai ni daban ne. Kwarin Iva nake son gani, inda aka haƙi kwal.

Da na faɗa wa ɗan acaɓan, sai ya dube ni yana mamaki, ya tambaye ni me zan je yi a can tunda babu komai. Da muka gangara na ga gaskiyarsa. Tsofaffin gidajen leburori ne jere, kwanon rufinsu ya yi tsatsa, har yanzu mutane na zaune a ciki. Ciyawa ta cinye hanyar da ke zuwa bakin ramin. Na tambayi wasu yara 'yan sakandare ko sun san abin da ya faru a wurin nan a 1949, suka kalli juna suna dariya. Ban ga laifinsu ba. In ka tsayar da ɗan sakandare a Kano ko Gusau ka yi masa tambayar nan, amsar da za ka samu ke nan. Ni kaina sai da na girma na ji labarin.

To bari in faɗa muku abin da ya faru.

A 1909 wani Bature masanin duwatsu, Albert Kitson, ya gano kwal a tuddan Udi. Kafin shekara goma an fara haƙa, an ja layin dogo daga Inugu zuwa bakin teku, ya kammala a 1916. Fatakwal da muke ji yau, saboda fitar da wannan kwal ɗin aka kafa tashar jirgin ruwanta. Ita kanta Inugu sansanin ma'aikata ce a gindin tudu kafin ta zama birni, shi ya sa har gobe akwai unguwar da ake kira Coal Camp, kuma kirarin jihar a lambar mota shi ne birnin kwal.

Ranar 18 ga Nuwamba 1949, masu haƙar kwal suna cikin yajin aiki irin na jan ƙafa, suna neman a biya su wasu kuɗaɗe da suka ce suna bi. Turawa suka tsorata kada nakiyar da ake fasa dutse da ita ta faɗa hannun 'yan gwagwarmayar neman 'yanci, suka turo 'yan sanda su kwashe ta. Ma'aikata suka taru a bakin rami. Babban jami'in 'yan sanda, wani Bature mai suna Philip, ya ba da umarnin harbi. Mutum 21 suka mutu, 51 suka ji rauni. Babu mai bindiga a cikinsu. Zanga-zanga ta ɓarke a Aba da Fatakwal da Onica da Kalaba, 'yan siyasar da ba sa ga maciji da juna suka zauna inuwa ɗaya, kuma masana tarihi suna lissafa wannan rana cikin abubuwan da suka ƙara wa neman 'yancin kai wuta. An kafa kwamitin bincike na Fitzgerald, ya ce jami'in ya yi kuskure. Ba a gurfanar da shi a kotu ba.

Akwai mutum-mutumin tunawa da su a wani shataletale a cikin birni, na gan shi, motoci na ta zagaye shi. Wannan kawai? Mutum 21 da jininsu ya shiga cikin 'yancin da muke hutun 1 ga Oktoba a kansa?

Na san wani zai shigo ƙasan rubutun nan ya ce ina ruwanmu da tarihin Igbo, mu ma namu ya ishe mu. Malam, zauna in tambaye ka. Jirgin ƙasan da ya kwashi gyaɗar Kano, dalar gyaɗar nan da kullum kuke ɗora hotonta kuna cewa da arzikin Arewa aka gina Najeriya, da me yake tafiya? Da ruwan rijiya? Kwal ɗin Inugu ake zuba masa. Layin dogon gabas ya ratsa Makurdi ya kai Kafanchan da Kaduna da Jos tun shekarun 1920, yana kai kwal yana ɗauko kuza. Gumin manomin Ɗambatta da gumin leburan Ngwo a wagunu ɗaya suka haɗu, Bature ɗaya ne ya ƙirga ribar. Sannan magajin garin Inugu na farko, a shekarun 1950, Malam Umaru Altine ne, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, kuma zaɓarsa aka yi. Don haka ka daina cewa ba ruwanmu.

Wajen 1958 masu haƙar kwal a Inugu sun haura 8,000, abin da ake fitarwa a shekara ya kai kimanin tan dubu 900. Daga nan abu ya juya. Hukumar jiragen ƙasa ta koma injinan dizal, an samu fetur, yaƙin basasa ya zo ramuka suka cika da ruwa. A ƙarshen shekarun 1970 aka kawo injina daga ƙasar Poland da ba su dace da yanayin ramukan ba, kuɗi suka tafi a banza. Zuwa farkon shekarun 2000 komai ya tsaya. Wani dattijo da na zauna da shi a ƙofar gidansa, yana tari yana ba ni labari cikin turancin buroka, ya ce shi da ubansa duk a rami suka yi aiki, kuma abin da ya fi ci masa rai shi ne jikokinsa ba su yarda cewa ya taɓa shiga ƙarƙashin dutsen nan ba. Ba shi da inda zai kai su ya nuna musu.

Abin takaicin, su Turawan da suka yi mana wannan aiki ba haka suka yi wa nasu ba. A yankin Wales na Birtaniya akwai wani ɗan gari a kan tudu, Blaenavon. An rufe mahaƙarsu a 1980, bayan shekara uku suka buɗe ta a matsayin gidan tarihi. Ana ɗaura wa baƙo hular kwano da fitila, a sauke shi ƙasa kamar mita 90, tsofaffin masu haƙa ne suka riƙa yi wa mutane jagora. A shekarar 2000 UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya. Kwal ya ƙare, garin bai mutu ba, tsoho ya samu aikin yi da mutunci. Mu kuwa sai gwanjon filaye da gidaje.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Ban ce a dawo da jirgi mai hayaƙi ba, kuma na san kwal yana da illa ga huhu da iska da ruwan sha. Ko da yake, in za mu faɗi gaskiya, abin kunya ne ƙasar da take zaune a kan kwal ta wayi gari tana sare sauran itatuwan Arewa tana yin gawayi, hamada na matsowa, alhali maƙwabtanmu Nijar tun farkon shekarun 1980 suke samar da lantarki da kwal ɗin Anu Araren kusa da Agadez. Amma wannan maganar wata rana ce.

Abin da ya hana ni barci da na dawo shi ne, labarin Ngwo shi ne ake sake yi mana a gida, muna tafi. Ku je Filato ku ga kududdufan da haƙar kuza ta bari, har yau suna cin yara da dabbobi. Ku tambayi mutanen Oloibiri, inda aka fara samun fetur a 1956, abin da ya rage musu. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara irin su Bagega da Dareta, kuma sai da likitocin waje suka zo kafin duniya ta ji. A Nuwamban 2022 da Buhari ya je Kolmani ya ƙaddamar da haƙar mai tsakanin Bauchi da Gombe, Facebook ɗin nan ya cika da murna, wai mu ma mun zama masu fetur, a daina yi mana gori. Mutum nawa ne a cikinmu ya tambayi me za a bar wa ƙauyukan wurin ranar da aka naɗe kaya? Yanzu kuma litiyom ake yayi a Nasarawa da Kaduna, tireloli na fita dare da rana.

Kuma fa doka tana nan. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa kamfani ya rattaba hannu kan yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara haƙa, ta kuma tanadi asusun gyara ƙasa bayan an gama. Waye a cikinku ya taɓa ganin irin wannan takarda da idonsa? Hakimi ya gani wataƙila, ciyaman ya gani, ɗan majalisa ya gani. Talakan da za a haƙe gonarsa, sai dai a ba shi buhun shinkafa da rijiyar burtsatse guda a ɗauki hoto. Iyayenmu sarakuna, da girmamawa nake faɗa, sa hannun da kuke yi yau jikokinku ne za su sha ruwansa.

Duk wanda ake haƙar wani abu a ƙaramar hukumarsa, zinariya ce ko kwal ko litiyom, ya je ya nemi kwafin yarjejeniyar nan. In an ba shi ya ɗora mana a nan mu karanta tare. In an hana shi, ya faɗa mana an hana, mu san inda muka tsaya. Ni zan fara da tawa ƙaramar hukumar ranar Litinin, in Allah ya kai mu.